MINTI GOMA SHA ƊAYA BABU INJINIYA

Shafi na 26

Masu cika min akwatin saƙo da "a ƙara tsawo, a ƙara tsawo," na ji ku. Shi kuma wanda ya zagi Injiniya a sharhin jiya don ta ƙi jin kunyar manya, ina roƙon Allah kada Ya sa 'yarsa ta kwana ƙarƙashin benen da aka gina da kunya. Ga na yau.

*

Ƙarfe takwas da kwata Injiniya ta ajiye jakarta a kan tebur. Ta ciro wayarta, ta ga saƙo na jiran ta.

Ɗan Aike ne. Haka kowa ke kiransa a kamfanin: manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira da aka ɗora wa hidimar ofis. Shi ke sa mutum a ayarin aiki, shi ke cire shi, shi ke kiran motoci, shi ke aika rahoto. Ba ya gajiya, ba ya tambayar dalili. Duk mai makulli, wato lambar sirrin ba da umarni, in ya ce yi, sai ya yi.

Ta buɗe saƙon.

"Barka da shigowa ayarin ginin ɗakin kwanan ɗalibai. Muna farin cikin samun ki."

Ta karanta sau biyu.

Wata takwas tana kan wannan gini. Ita ta zana shi. Ita ta tsaya a rana lokacin da aka haƙa harsashinsa. Yau ne za a yi mata barka da zuwa?

Ruwa ba ya tsami banza.

Shekaranjiya ta hau saman hawa na biyu da ma'auninta. Zane ya ce a ɗaura rodi mai kaurin milimita sha shida. Abin da ta tarar an ɗaura mai sha biyu ne, siriri, daga wannan kusurwa har waccan. Nan take ta rubuta ƙorafi a manhajar, abin da 'yan ofis ke kira birki. Muddin birkin injiniya na tsaye, Ɗan Aike ba zai kira motar kankare ko ɗaya ba.

Ta shiga shafin aikin.

"Babu birki a kan wannan aiki."

A ƙasa kuma:

"An kira motocin kankare. Za su isa fili ƙarfe tara da rabi."

Kankare in ya rufe rodi, shi ke nan, ba idon da zai sake ganinsa. 'Yan mata ɗari da ashirin ne za su kwana ƙarƙashin wannan rufin. Kuma sunanta ne a kan zanen.

Ta zari wayar ta fita.

*

Ɗakin Mai Makulli na ƙarshen baranda, ba taga, sai sanyi da tarin wayoyin lantarki. Shi ke kula da kwamfutocin kamfani, shi ya kawo musu Ɗan Aike. Dattijo ne mai furfura a gemu, ƙafar tabaransa ɗaure da zare.

"A'a, Alƙaliya da kanta!" in ji shi. "Yau wa za a ɗaure?"

"Kai, in ka yi min wasa."

Ta ɗora wayar a gabansa.

"Karanta."

Ya gyara tabarau. Ya karanta. Bai ɗago da wuri ba.

"To ai gaisuwa ce, ranki ya daɗe. Yaron namu tarbiyya gare shi."

"Malam, wa ake wa barka da zuwa?"

"Baƙo."

"Ni baƙuwa ce?"

Ya tsotsi haƙori.

"Wataƙila tangarɗa ce. Kin san na'ura."

"Na san na'ura. Na kuma san mutane. Buɗe min tarihin ayarin."

"Ai sai an rubuto min a takar..."

"Buɗe."

Ya buɗe, kamar wanda ake cire wa ƙaya. Ta sunkuya a kan allon.

Bakwai da minti arba'in da biyu: an cire Injiniya daga ayari.
Bakwai da minti arba'in da bakwai: an kira motocin kankare.
Bakwai da minti hamsin da uku: an mayar da Injiniya ayari.

Akwai wasu layuka a ƙasa. Kafin idonta ya kai gare su ya juya allon ya fuskanci bango.

"Kin dai ga naki."

"Minti goma sha ɗaya," ta ce a hankali. "Ina cikin mota ina kai yara makaranta, aka fitar da ni aka dawo da ni. Ina birkina ya tafi?"

"Birki na mutum ne, ba na gini ba. Mai shi ya fita, ya bi shi."

"Wa ya tsara haka?"

"Haka ya zo daga masu ƙera shi. Don kada ma'aikaci ya bar aiki ƙorafinsa ya tare hanya har tashin duniya."

"Wa ya san da wannan a ofishin nan?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Sai wanda ya tambaye ni."

"Wa ya tambaye ka?"

"Haba Alƙaliya. Mutane na tambaya ta abubuwa da yawa. Jiya ma mai shara ta tambaye ni yadda ake goge hoto."

Ta kafe shi da ido. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya ɗauki kofin shayinsa, ya ga ba komai a ciki, ya ajiye.

"Da wane makulli aka ba da umarnin?"

"Na Shugaba."

"Wato Baffa."

"Ban ce Baffanki ba! Na ce makullinsa. Ke ma kin san lambar sirrinsa na rubuce a 'yar takarda ƙarƙashin gilashin teburinsa, kusa da hoton jikoki. Sau nawa na ce ya cire? Ya ce shi kansa ba rumbu ba ne. Duk wanda ya taɓa kai masa fayil ya haddace ta."

"Har da kai."

"Har da ke."

Ta ɗauki wayarta.

Ya rage murya.

"Ni dai da ni ne ke, Yayanki zan fara tambaya. Motarsa na nan tun ƙarfe bakwai."

Mutumin da ke zaune a ɗaki marar taga, yaushe ya fara ƙirga motocin mutane? Ta riƙe wannan a ranta, ta fita ba sallama.

*

Yaya shi ne manajan aikin, babban ɗan Baffa. Gida ɗaya suka tashi tun rasuwar mahaifinta, kwano ɗaya. Shi ya koya mata hawa keke.

Ta same shi yana cusa fayiloli a jaka.

"Tafiya za a yi?"

Ya zabura.

"Ke! Ba a ƙwanƙwasa ƙofa a garinku?"

"Garinmu ɗaya da kai. Yaya, kai ka cire ni?"

"Daga ina?"

"Kada ka mayar da ni yarinya."

"Wallahi ban..."

"Bar wallahi. Sunan Allah ba tsumman goge tebur ba ne. Dube ni. Kai ka cire ni?"

"Ban cire ki ba."

"Me ya kawo ka ƙarfe bakwai? Kai da ba ka shigowa sai rana ta take tsaka?"

"Kira na aka yi."

"Wa?"

Ya ja zip ɗin jakar, ya maƙale. Ya yi ta fama da shi.

"Ƙanwata, ki ji. Rodin nan fa ba zai faɗi yau ba."

"Au, ka ma san zancen rodi nake."

"Kowa ya sani! Kin rubuta shi da manyan baƙaƙe!"

"To gobe zai faɗi? Ko baɗi, ranar da aka cika ɗakin da gadaje?"

"Mai sha shida ya yi wuya a kasuwa. Wa'adi saura mako uku. In ba a zuba yau ba an ƙwace aikin. Mutum arba'in ke ci a kamfanin nan."

"Wannan karatun ba naka ba ne. Wa ya biya maka shi?"

Ya ciro wayarsa, ya miƙa mata.

"Duba. Tunda kin mayar da ni ɓarawo. Nemi sunana a ayarin."

Ta duba. A wayarsa shafin aikin ma ba ya buɗewa.

"Kai ma an cire ka?"

Ya kau da kai.

"Yaya. Cire ka aka yi?"

"Ni na ce wa Ɗan Aike ya cire ni."

"Yaushe?"

"Takwas da minti biyu."

"Bayan ka ga an kira motocin."

"Ina da 'ya'ya huɗu!"

"Su waɗanda za su kwana a benen daga bishiya suka faɗo?"

"Ni ban cire ki ba, ban kira mota ba, ban taɓa rodi ba. Hannuna a wanke yake."

"Ka ga an kunna wa gida wuta, ka ɗauke takalminka ka fita. Ko kira na ba ka yi ba."

"Da na kira ki me za ki yi?"

"Abin da zan yi yanzu."

Ni marubuci bari in faɗa muku gaskiya, ko ta yi muku ɗaci. Mugu ɗaya ba ya iya rusa gini. Sai ya samu irin su Yaya, masu wanke hannu, masu cewa "ni dai ba ni ba ne." Irinsu sun fi yawa a ofisoshinmu, kuma wasu daga cikinku masu karatun nan kun san kanku.

Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Wa ya kira ka ƙarfe bakwai?"

Ya zauna a kan kujera.

"Ƙofar Baba a buɗe take."

*

Ƙarfe tara da minti ashirin.

Baffa na zaune bayan babban teburinsa, carbi a hannu. Wan mahaifinta ne, shi ya kafa kamfanin da cebur ɗaya da baro. Shi ya riƙe ta, shi ya kai ta har jami'a. Bai yi karatun zamani ba, amma ba wanda ya taɓa jin ya ce "ban sani ba."

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba. Ya amsa yadda ya saba.

"Tashi ki zauna, 'yar nan."

"Nan ma ya isa, Baffa."

"Na ji kina zagaya ofis kina tuhumar mutane."

Wa ya gaya masa? Mai Makulli ko Yaya? Minti biyar ba a yi ba.

"Tambaya nake, Baffa. An cire ni daga aikina da safe."

"An mayar da ke."

"An kashe birkina."

"Ni na kashe."

Haka, ba kwana-kwana. Ta zaci zai musa. Da ya musa da ya fi mata sauƙi.

"Baffa..."

"Ni na ce a cire ki, ni na ce a kira motoci, ni na ce a mayar da ke. Sai me? Kamfanin ubanki ne?"

"Na wan ubana ne. Shi ya sa nake jin ciwo."

"Shekara talatin da biyar ina gini. Tun ba a haife ki ba nake zuba kankare. Wanne ya faɗi?"

"Ba ka taɓa yin mai hawa uku ba."

"Ni za ki koya wa rodi? Da hannun nan na lanƙwasa rodin da aka biya miki makaranta da shi!"

"Shi ya sa na san ka san bambancin sha biyu da sha shida."

Carbin ya tsaya.

"In ka yarda da rodin, Baffa, me ya sa ka mayar da ni? Da ka bar ni a waje, ka zuba abinka."

"Hukuma ba ta yarda a zuba bene ba injiniya a ayari."

"Wato sunana kake so. Bakina ne ba ka so."

"Bakinki ya yi yawa tun kina ƙarama."

Ta miƙe tsaye. Ba ta taɓa tsayawa a kansa yana zaune ba, sai yau. Ta ɗaga wayar.

"Ɗan Aike."

"Na'am, Injiniya," muryar ta fito a natse.

"Cire ni daga ayarin ginin ɗakin kwanan ɗalibai. Yanzu. In ba injiniya, ba zubi."

"Ba zan iya ba."

"Me ya sa?"

"Ke ce mai aikin, wato shugabar ayarin. Ba a cire mai aiki sai ya miƙa wa wani."

"Ni ba mai aiki ba ce. Baffa ne."

"An sauya ƙarfe takwas da minti goma, da makullin Shugaba."

Ga layukan da Mai Makulli ya juya wa bango ke nan.

"Karanto min sunayen 'yan ayarin."

"Injiniya, mai aiki."

"Sai wa?"

"Babu kowa."

Ana jin fanka na kaɗa takardun kan tebur.

Ta dubi mutumin da ya riƙe hannunta ranar da aka fita da gawar mahaifinta.

"Ashe ka cire kanka."

"Na tsufa. Lokaci ya yi da yara za su karɓa."

"Ka cire kanka, ɗanka ya cire kansa. In benen ya faɗo, sunan mutum ɗaya za a tarar."

"Ba zai faɗo ba."

"To me ya sa ka gudu?"

Wayar tebur ta ɗauki ƙara. Ya danna ta, murya ta cika ɗakin, da hayaniyar injina a bayanta. Shugaban leburori ne daga fili.

"Ranka ya daɗe, motoci huɗu sun iso, sun yi layi. Direbobi sun ce in aka wuce awa ɗaya kankaren zai daskare musu a ciki. Izinin zubi nake jira, har yanzu Ɗan Aike bai turo ba."

"Ga shi nan zuwa."

Baffa ya kashe. Ya jawo tasa wayar, ya leƙa 'yar takardar da ke ƙarƙashin gilashi, ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa guda.

"Ɗan Aike, ba su izini su zuba."

"Ka yi haƙuri, Shugaba. Ba ka cikin wannan aikin."

"Me ka ce?"

"Ba ka cikin ayarin. Mai aikin ce kaɗai ke ba da izinin zubi."

"Kai! Ka san da wa kake magana? Ni na saye ka!"

"Na sani, Shugaba. Makullinka na buɗe ayyukan da kake ciki. Kai ka umarce ni in cire ka daga wannan."

"To mayar da ni!"

"Mai aikin ce kaɗai ke ƙara mutum."

Ya doki tebur har hoton jikoki ya kife.

"Munafukin tsohon nan Mai Makulli bai gaya min haka ba!"

Baffa ya ɗauka suna a ayari kamar suna a takarda ne, wurin rataya laifi kawai. Bai san ya haɗa mata har da linzami ba. In za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere. An faɗa, ba ku ji.

Injiniya ta sake ɗaga wayarta.

"Ɗan Aike, in na dakatar da zubin me zai faru?"

"Zan sallami motocin. Zan kuma aika wa hukumar duba gine-gine rahoto, kamar yadda ƙa'ida ta ce, da dalilin dakatarwa da sunan wanda ya karɓi kayan da ake ƙorafi a kai."

"To ka..."

"Dakata."

Baffa ne. Muryarsa ta sauka. Ba tsawa, ba barazana. Wannan ta fi ba ta tsoro.

"Ba zan roƙe ki ba, 'yar nan. Ban taɓa roƙon ɗan da na goya ba. Abu ɗaya kawai. Kafin ki buɗe baki, tambaye shi sunan da zai sa a rahoton."

"Ko sunan wa ne, Baffa."

"Tambaye shi."

"Ko naka ne."

"Ba nawa ba ne. Ni ban taɓa sa hannu a takardar karɓar kaya ba. Tambaye shi mana, Alƙaliya. Ko tsoro kike ji?"

Ta kai wayar kusa da bakinta.

"Ɗan Aike. Wa ya karɓi rodin hawa na biyu?"

"Mai kula da siton fili. Ya duba, ya sa hannu cewa mai sha shida ne, ranar tara ga wata."



Mai kula da siton fili mijinta ne. Uban 'ya'yanta uku. Shi da ya dafa kan autarsu shekaranjiya ya rantse mata cewa ranar da aka sauke rodin yana asibiti wajen mahaifiyarsa.

Baffa ya ɗauki carbinsa ya ci gaba da ja.

Wayar tebur ta sake ɗaukar ƙara. Ba wanda ya taɓa ta.

"Injiniya," in ji Ɗan Aike, "shugaban leburori na jira. In dakatar, ko in ba da izini?"